Kurakuran da aka fi yi wajen tallata tarukan al'adu a Kano da yadda za a gyara su

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi, kimiyya da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa ba sa buƙatar talla, domin jama'a na fitowa ba sai an kira su ba. Sauran tarukan fasaha da al'adu ne ke fama da ƙarancin mahalarta, kuma galibi laifin yana wuyan masu shiryawa.

Babban kuskure shi ne a tsara sanarwa kamar baƙi daga Abuja ko ƙasashen waje kaɗai ake nema. Sai a rubuta ta da Turanci, a ɗora a Facebook, a zauna ana jiran mutane, alhali magidancin Yakasai ko Jakara, wanda al'adar tasa ce, bai ma ji labari ba. Gyaran shi ne a yi shela da Hausa a gidajen rediyo irin su Freedom da Rediyon Kano, a lokutan da mai shago da direban adaidaita sahu ke saurare, sannan a bi ta hannun masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa. Saƙon murya a WhatsApp ya fi doguwar takarda isa ga mutane, musamman mata da ke cikin gida.

Sai batun wuri da lokaci. Idan aka kai taro babban otal, aka sa kuɗin shiga mai tsada, aka kuma fara dab da la'asar ba tare da tanadin wurin alwala da salla ba, an riga an sallami mafi yawan 'yan gari. Gidajen tarihi irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa wurare ne da mutum zai shiga ba tare da jin baƙunta ba. A keɓe wa mata wurin zama na mutunci, a tashi kafin magariba, sai magidanci ya yarda iyalinsa su zo.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne mayar da masu sana'a kayan ado. Na taɓa halartar wani baje koli inda wani dattijon marini, hannayensa sun yi shuɗi da baba har gwiwar hannu, ya zauna a bayan rumfa kusan awa biyu ana ta jawabai, kuma da aka gama manyan baƙi suka ɗauki hoto da shi suka wuce, ba wanda ya tambaye shi yadda ake haɗa baba da toka a rijiyar rini. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, da dukawa da maƙera da masaƙan da ke kai kaya Kasuwar Kurmi, su ne ainihin abin da ake tallatawa. A sa su cikin kwamitin shiri tun daga farko, a biya su haƙƙinsu, a bar su su sayar da kayansu, a taƙaita jawabai su samu lokacin nuna wa yara aikin hannunsu.

Akwai kuma ɗabi'ar yin taro sau ɗaya a shekara a watse. Tashe yana nan a watan azumi, dambe da kokawa suna da masoyansu, kuma makarantun firamare da na Islamiyya za su karɓi gayyatar ziyara kowane zangon karatu idan aka aika wa shugabanninsu takarda da wuri, aka kuma taimaka da motar da za ta kwashi ɗalibai.