Yadda ake gane mai laifi idan motoci suka yi karo

Da zarar motoci sun yi karo a titi, jama'a kan taru tun ƙura ba ta lafa ba, kuma galibi sukan ɗora laifin a kan wanda ya fi babbar mota, musamman idan ɗan acaɓa ko mai adaidaita sahu ne abin ya rutsa da shi. Tausayi ne ke jawo haka, amma doka ba ta duba girman mota ko ƙarfin murya. Abin da take nema shi ne a gano wanda ya saɓa ƙa'idar hanya, sannan a kawo shaidar da ta tabbatar da hakan.

Kafin a shiga maganar laifi, a fara duba waɗanda suka ji rauni, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lambarta ta gaggawa, 122. Bayan haka kada a yi garajen janye motocin har sai an ɗauki hotunansu a inda suka tsaya, domin titin da kansa yana ba da shaida. Sawun taya yana nuna inda direba ya fara taka birki, kuma idan ya yi tsawo sosai alama ce ta gudu. Inda fasassun gilasai suka zuba yakan nuna wurin da aka haɗu, wato hannun wane ne aka shiga. Haka kuma wajen da mota ta lotse yana bayyana ta inda aka buge ta. A karɓi lambar wayar mutum biyu ko uku da suka ga abin da idonsu, domin nan da ɗan lokaci taron zai watse, ya bar masu labarin ji-ta-ji-ta kawai.

Daga nan sai a auna abin da aka gani da ƙa'idojin hanya. Wanda ya bugi mota ta baya shi ake fara tuhuma, saboda wajibi ne ya bar tazarar da za ta ba shi damar tsayawa ko da na gaba ya taka birki ba zato. Sai dai idan na gaban baya yake yi, ko fitilun birkinsa sun mutu, ko kuma ya yanko gabansa ba tare da sigina ba, to magana ta canza. Mai fitowa daga lungu ko ƙaramar hanya shi ne zai jira masu bin babban titi, kuma wanda ya keta danja ko ya bi hannun da ba nasa ba ba shi da abin faɗa. A shataletale ne aka fi samun jayayya, alhali ƙa'idar a bayyane take: tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, motar da ke cikin shataletale, wadda ke zuwa ta hagun mai shiga, ita ce da hanya. Wanda kuma ya fito zai wuce wata mota a kwana ko a kan tudu, har ya yi taho-mu-gama da mai zuwa, da wuya ya tsira daga laifi.

Ba kullum ne laifi ke tattaruwa a kan mutum ɗaya ba. Mai yiwuwa wani ya fito daga lungu ba tare da dubawa ba, shi kuma na kan titi yana zuba gudun da ya zarce kilomita 50 a awa da aka ƙayyade a cikin gari. A irin wannan hali kotu na iya raba laifin, ta rage diyyar gwargwadon sakacin kowa. Cewar da direbobi kan yi wai birki ne ya tsinke ba ta cika wanke su ba, domin jami'an duba lafiyar motoci za su bincika, kuma kula da birki da tayoyi haƙƙi ne da ke wuyan mai mota.

Kada direba ya amsa laifi ko ya sa hannu a wata takarda don tsoron taron jama'a. Ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, inda sashen kula da haɗurran mota zai zana taswirar wurin, ya ɗauki bayanin kowa, domin kamfanin inshora yakan nemi wannan rahoto kafin ya biya. Inshorar da doka ta wajabta, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 a shekara ga motar gida tun daga Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da aka yi wa dukiyar wani har zuwa naira miliyan 3, matuƙar takardar ta gaske ce ba ta bogi ba.

Idan ɓarnar kaɗan ce kuma aka zaɓi sulhu, a kira makanike ya ƙiyasta kuɗin gyara a gaban ɓangarorin biyu, a rubuta abin da aka amince da ranar biya, shaidu su sa hannu. Amma idan an yi mummunan rauni ko an rasa rai, sulhun bakin titi ba ya wadatarwa, dole ne maganar ta je gaban hukuma.