Kurakuran da aka fi yi wajen sayen tsohuwar mota

Babban kuskure shi ne yarda da mita, wato mai ƙirga kilomitocin da mota ta yi. Dillali a Garwa zai buɗe maka ƙofar Peugeot 504 ya ce, "Alhaji, gani ya kori ji, kilomita 48,000 kacal ta yi." Motar da aka fara ƙerawa tun 1968! Yawancin motocin wancan zamani mitarsu lamba biyar ce, da ta kai 99,999 sai ta koma sifili. Ke nan 48,000 ɗin tana iya zama 148,000, ko 248,000. Wata kuma wayar mitar ce ta tsinke, aka yi shekaru ana tafiya ba ta ƙirga komai, balle wadda aka mayar baya da gangan.

To ka bar mita, ka tambayi jikin motar. Dubi robar birki da ta kuloci, ka shafa sitiyari ka ji ko ya yi sulɓi, ka zauna a kujerar direba ka ji ko ta lotsa. Ɗaga ƙofar direba kaɗan: in tana wasa, ta sha buɗewa. In ka tarar da robobi sababbi fil a mota mai shekara arba'in, a nan ma akwai magana.

Wadda ta fito daga Amurka ko Ingila da mil take ƙirge. Mil 60,000 ya haura kilomita 96,000.

Kuma tafiya ba ɗaya ba ce. Motar da ta sha ramukan hanyar Mora zuwa Kusuri, ƙasanta ne zai ba ka labari, shi ya sa nake cewa a hau da ita kan ramin gareji a leƙa. Ta Turai kuwa tsatsa ce ciwonta, saboda gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi. Ɗauki maganaɗisu ka bi bodi: inda bai kama ba, ciko ne aka rufe da fenti.

Kada ka yarda a ɗumama inji kafin ka iso. Je da sassafe tare da bakanikenka, ba na dillali ba, a tayar a gabanka. Shuɗin hayaƙi daga salansa, inji na shan baƙin mai. In ka ga wani abu kamar madara a murfin baƙin mai, ruwa ya shiga.

Kafin ka ƙirga sefa ko ɗaya, ka gwada lambar shasi da wadda ke kan kart giriz, wato takardar rajistar mota, harafi bayan harafi.