Manhajar Tantance Kalmar Sirri Ta Ƙi Harhaɗuwa: Kurakuran da Aka Fi Yi

Kod ɗin da ya harhaɗu lami lafiya a Linux, kana kai shi FreeBSD ko macOS sai kompaila, wato manhajar da ke mayar da kod shirin da na'ura za ta gudanar, ta yi tsaye. A nan mutane suka fi yin ɓarna, don hankalinsu ya koma kan yadda jan rubutun zai ɓace daga allo, ba kan abin da ya jawo shi ba.

Mu fara da `crypt()`, aikin da ke rikiɗa kalmar sirri don a kwatanta ta da wadda aka adana, don ita ta fi cin mutane. A Linux ana neman `<crypt.h>` da `-lcrypt`. A macOS tana cikin `<unistd.h>`, ba ruwanta da `-lcrypt`. A Linux kuma, daga sigar 2.39 ta glibc (babban laburaren C na tsarin) an cire ta, sai ka saka laburaren libxcrypt a madadinta. Wanda ya manta fayil ɗin kai (fayil mai ƙarewa da `.h` da ke bayyana aikin), a da gargaɗi kawai yake samu, amma kompailar GCC 14 ta 2024 ta mayar da shi kuskure. Sai ka ga mutum ya kashe gargaɗin ya wuce. Kada ka yi! Kompaila za ta ɗauka `int` ake dawowa da shi, ta guntule adireshin a na'ura mai bit 64, manhaja ta faɗi daidai lokacin da wani ke shigar da kalmar sirrinsa. Tun da ka zo wurin, duba ko `crypt()` ta dawo da `NULL` kafin ka miƙa wa `strcmp`.

`<shadow.h>` da `getspnam()`, waɗanda ake karanta kalmomin sirrin da tsarin ya adana da su, akwai su a Linux da Solaris, babu a FreeBSD da macOS. Ka kewaye su da `#ifdef`, amma reshen da ya rage ya hana shiga. Na taɓa ganin wanda ya bar `return 0`, wato alamar an yi nasara, a wurin, ƙofa a buɗe ga kowa.

Idan `<security/pam_appl.h>` ne ya ɓace, wato fayil ɗin kai na PAM, tsarin tantance masu shiga, sau da yawa kod ɗinka lafiya yake: saka `libpam0g-dev` a Debian ko `pam-devel` a Fedora.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne `explicit_bzero`, aikin da ke goge kalmar sirri daga ƙwaƙwalwar na'ura bayan an gama da ita. Babu ita a macOS, sai a musanya ta da `memset`. Ta harhaɗu kam, amma kompaila na iya share layin gaba ɗaya, kalmar sirri ta ci gaba da zama a ƙwaƙwalwar na'ura. A can `memset_s` ake amfani da ita. Ka bar kayan shirya harhaɗawa irin su Autoconf ko CMake su gwada ko aikin yana nan, maimakon ka dogara da sunan tsarin.