Yadda Ake Tabbatar da Gaskiyar Aure Yayin Neman Bizar Miji ko Mata

Ma'aurata da yawa sukan ɗauka cewa da zarar sun miƙa takardar shaidar aure mai hatimin hukuma, maganar biza ta ƙare. Takardar kuwa abu ɗaya take nunawa, wato an ɗaura aure bisa dokar ƙasar da aka ɗaura shi. Abin da ke gaban jami'in shige da fice ya wuce nan, domin so yake ya gane ko mutanen nan biyu sun yi aure ne da niyyar zama tare, ko kuwa an ɗaura shi ne kawai don ɗayansu ya samu izinin zama. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a wannan harka takardu ake tambaya, kuma nauyin kawo su yana kan ma'auratan ne.

Kafin a tattara komai, sai a duba ingancin auren kansa. Takardar da za a gabatar ta kasance wadda hukumar rajistar aure ta bayar ko ta amince da ita. Idan ɗayanku ya taɓa aure, a haɗa da takardar saki, ko hukuncin kotu, ko takardar shaidar rasuwa, saboda a nuna cewa auren farko ya ƙare kafin a ɗaura wannan. A kuma daidaita sunaye da ranar haihuwa da abin da ke cikin fasfo, domin harafi ɗaya da ya saɓa yana iya jawo tsaiko mai tsawo. Duk takardar da ba da harshen hukumar aka rubuta ba tana buƙatar cikakkiyar fassara. Hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS, alal misali, tana son mai fassarar ya sa hannu cewa ya ƙware a harsunan biyu kuma fassarar daidai take.

Akwai nau'in auren da ya inganta a inda aka ɗaura shi amma ƙasar da ake son shiga ba ta karɓarsa, kuma a nan mutane suka fi yin asarar kuɗi da lokaci. Tun daga watan Yunin 2015 Kanada ta daina amincewa da auren da aka ɗaura ta wakili, ko ta waya, ko ta intanet, muddin ɗaya daga cikin ma'auratan bai halarci wurin da kansa ba. Amurka tana karɓar auren wakili, amma sai an nuna cewa ma'auratan sun sadu a matsayin miji da mata bayan ɗaurin auren. Birtaniya ta shardanta cewa dukansu biyu sun kai shekara 18, kuma sun taɓa ganin juna ido da ido. Auren mace fiye da ɗaya shi ma yana da tsauraran ƙa'idoji a waɗannan ƙasashe, don haka wanda abin ya shafa ya nemi lauyan shige da fice tun kafin ya cike fom. Auren da iyaye suka haɗa kuwa ba aibi ba ne a idon hukuma matuƙar da yardar ɓangarorin biyu aka yi shi, sai dai a bayyana yadda aka yi haɗin dalla-dalla.

Game da hujjojin kansu, tsarin Ostareliya yana da sauƙin bi ko da wata ƙasar ake nema, domin ya raba su gida huɗu: harkar kuɗi, yadda ake tafiyar da gida, yadda jama'a suka san zaman, da kuma irin riƙon da ma'auratan suka yi wa juna. Bayanin fom I-130 na Amurka, wanda ake cikewa don nema wa miji ko mata izinin zama, ya ambaci kusan abubuwa iri ɗaya, kamar kadarar da aka mallaka tare, yarjejeniyar haya mai ɗauke da sunayen biyu, asusun banki na haɗin gwiwa, takardun haihuwar 'ya'ya, da rantsuwar shaidu. Sai dai ba duka ne suke da nauyi ɗaya ba. A ganina, ma'aunin da ya fi amfani shi ne a tambayi kai wane ne ya rubuta takardar, kuma don me ya rubuta ta. Wadda ta fito daga banki, ko asibiti, ko kamfanin inshora, ko ofishin haraji, a lokacin da ba wanda yake tunanin biza, ta fi wadda ku kuka shirya da hannunku ƙarfi nesa ba kusa ba. Katin awon ciki da aka rubuta sunan miji a matsayin wanda za a kira idan gaggawa ta taso, ko takardar inshorar da aka sa sunan mata a matsayin mai cin gajiya, kowanne ya fi hotuna hamsin.

Abu na biyu shi ne tsawon lokacin da hujjojin suka ɗauka. A ce ma'aurata biyu sun miƙa takardunsu a rana ɗaya. Na farko sun kawo hotuna ɗari biyu, dukansu na ranar biki, da asusun haɗin gwiwa da aka buɗe mako uku kafin a nemi bizar, aka zuba kuɗi sau ɗaya aka bar shi a haka. Na biyu hotuna goma sha biyar kacal suka kawo, amma a cikinsu akwai na kafin aure, da na asibiti, da wanda aka ɗauka tare da surukai bayan shekara guda, sannan bayanan bankinsu na wata goma sha takwas suna nuna kuɗin haya da na wuta da na cefane suna fita wata bayan wata. Jami'in da ya saba da aikin yana buɗe na farkon zai ga asusun da aka buɗe dominsa, na biyun kuwa zai ga gida ne da ake zaune a cikinsa. Saboda haka a zaɓi takarda ɗaya ko biyu daga kowane wata biyu ko uku, a jera su bisa kwanan wata, a rubuta gajeren bayani a ƙasan kowane hoto: wane ne a ciki, a ina, kuma yaushe.

Da yawa daga cikin masu neman wannan biza ba su taɓa zama gida ɗaya na tsawon lokaci ba, tunda rashin bizar ne ya raba su, kuma hukumomi sun san da haka. Irin waɗannan ma'aurata hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ziyara, don haka a adana tikitin jirgi, da katin shiga jirgi, da hoton shafin fasfo mai tambarin shiga da fita, da rasit ɗin masauki idan an sauka a otal. Tikiti shi kaɗai yana nuna an biya kuɗi ne, tambarin fasfo shi ke nuna an je. Daga nan sai rasit ɗin aika kuɗi mai ɗauke da sunayen biyu, sai kuma tarihin kira da saƙonni. Ba a buƙatar buga hirar WhatsApp ta shekara uku gaba ɗaya, kuma ba dole ba ne a tona sirrin da ke tsakanin miji da mata. Shafuka kaɗan daga watanni daban-daban sun isa, matuƙar suna da kwanan wata da lambar waya. Hirar da ake maganar jinyar mahaifiya, ko kuɗin makarantar ƙani, ko ma ɗan saɓanin da aka yi aka shirya, ta fi kama da zaman aure fiye da jerin kalaman soyayya. Idan hirar da wani harshe aka yi ta, a fassara sassan da aka zaɓa.

Yana da kyau kowannenku ya rubuta tarihin dangantakar da kalmominsa, tun daga haɗuwa har zuwa abin da kuka tsara wa zamanku na gaba, ba tare da ɗaya ya kwafi na ɗaya ba. Shaidu ma haka. Ostareliya tana da fom na musamman mai lamba 888 domin wannan, Amurka kuma tana son shaida ya rubuta cikakken sunansa da adireshinsa da ranar da wurin haihuwarsa, ya kuma faɗi yadda ya san abin da yake shaidawa. Wasiƙa biyar masu jimloli iri ɗaya ba sa ƙara komai sai zargi. Guda biyu daga mutanen da za su iya cewa sun kwana a gidanku a wata kaza sun wadatar.

Wasu abubuwa kan sa jami'i ya ƙara buɗe ido, kamar tazarar shekaru mai yawa, ko rashin harshen da ya haɗa ma'auratan, ko auren da aka ɗaura jim kaɗan bayan an hana ɗayansu wata biza ko izinin zamansa ya kusa ƙarewa, ko rashin halartar dangi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke soke aure, amma barinsu ba bayani yana ba jami'in damar ya fassara su yadda ya ga dama. A ambace su tun a cikin takardar bayani, a faɗi dalili a taƙaice, a haɗa da hujja idan akwai. Haka nan idan an shekara ba a ziyarci juna ba saboda aiki ko rashin lafiya, wasiƙar wurin aiki ko takardar likita za ta rufe wannan giɓi.

Idan ranar ganawa ta zo, ku sake karanta duk abin da kuka miƙa, domin yawancin tambayoyi daga ciki suke fitowa. A Amurka, idan jami'i ya yi shakka, yana iya raba ma'auratan ya yi musu tambayoyi iri ɗaya sannan ya gwada amsoshin, abin da ake kira ganawar Stokes. Tambayoyin na yau da kullum ne: wa ke fara tashi da safe, wane gefen gado kowa ke kwana, me aka yi ranar haihuwar da ta wuce. Wanda ya manta ya ce ya manta, domin zato shi ke haifar da saɓanin amsa, kuma amsar da aka haddace tana da saurin ganewa.

Kada a kuskura a cike giɓi da takardar jabu ko hoton da aka haɗa a kwamfuta, ko da auren na gaskiya ne. Dokar Amurka ta 1986 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar, ko tarar da ta kai dala 250,000, ko duka biyun, ga wanda ya yi aure don kauce wa dokar shige da fice, kuma wanda aka samu da wannan laifi ba za a amince da wata buƙatar da aka shigar dominsa ba ko da daga baya ya yi auren gaskiya. Kanada kan hana wanda ya ba da bayanin ƙarya shiga ƙasar har shekara biyar.

Samun bizar ba ya rufe fayil ɗin. A Amurka, idan auren bai cika shekara biyu ba a ranar da aka shiga ƙasar, katin zama na shekara biyu ake bayarwa bisa sharaɗi, kuma dole ne a shigar da fom I-751, wato na neman a cire sharaɗin, a cikin kwana 90 na ƙarshe kafin katin ya ƙare, tare da sababbin hujjoji na zaman da aka yi. A Birtaniya bizar farko ta wata 33 ce, sannan a sabunta ta na wata 30, kuma a kowane mataki sai an sake nuna cewa auren yana nan. Don haka tun a makon farko na sauka a sa sunayen biyu a yarjejeniyar haya da takardar wuta, a sanar da banki da asibiti adireshin gidan, a kuma ware jaka guda da za a riƙa jefa duk wasiƙar da ta zo da wannan adireshi.