Yadda na daina ɓata lokaci a lissafin kaso cikin ɗari

Bara na zauna jarrabawar neman aiki ta kwamfuta a nan Bauchi, lokaci ya ƙare ina da tambayoyi tara da ko karanta su ban yi ba. Lissafin kaso ne ya cinye min mintuna, don kowace tambaya sai na ninka a takarda, sannan na raba da 100. Abin ya daɗe yana ci min rai.

A shagon kawuna da ke kasuwar Muda Lawal na samu mafita. Wani ya nemi ragin kashi 15 a kayan naira 4,800, kafin in zaro biro Kawu ya ce 720. Na ce, "Kawu, yaya kuka yi haka?" Ya ce, "Ɗana, fara fitar da ushiri." Wato kashi 10: goge sifili ɗaya, ya zama 480. Rabinsa, 240, shi ne kashi 5. Haɗa su, ga 720.

Daga baya na gano ana iya juya lambobin. Kashi 16 na 25 daidai yake da kashi 25 na 16, wato rubu'in 16, amsa 4.

Tarkon da ya fi kama ni kuwa shi ne farashin da ya hau kashi 20 sannan ya sauka kashi 20. Na ɗauka ya koma inda yake. Ashe in ka fara da 100, zai kai 120, ya sauko 96.

Yanzu kullum bayan asuba ina warware tambayoyi ashirin, agogon waya na gefena.