Darasi na 9: Ɗaura wa Mota Ƙarfen Jan Tirela

Manomin da ke kai masara kasuwa da mai ba da hayar janareta a gidajen biki, ƙaramar tirela tana rage musu kuɗin dako. Amma sai motar tana da ƙarfen ja a bayanta, kuma mutum zai iya ɗaura shi da kansa idan ya bi a hankali.

A jikin shasi ake ɗaure ƙarfen nan. Bamba ba ta riƙe kaya, ta motocin yanzu ma roba ce. Ka leƙa ƙarƙashin motar ta baya. Motoci da yawa sun zo da ramukan noti a ƙarafan shasi na hagu da dama, sai dai laka da tsatsa sun toshe su. Ka wanke su da kananzir da burushin waya har noti ya riƙa shiga da hannu. Idan tsatsa ta ci shasin har yana ɓarewa, ka dakata, motar ba ta ja ba ce.

Don Allah kada ka shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai. Ka ja birkin hannu, ka sa dutse a tayoyin gaba, ka tokare motar da ƙarfe mai ƙafa, ka bar salansa ta huce.

Ƙarfen yana da nauyi, sai ka nemi mai riƙe maka. Ka fara sa dukkan notunan da hannu tare da washa, sannan ka bi su da sifana ɗaya bayan ɗaya. A kan kowane noti mai ƙwari akwai lamba, kamar 8.8 ko 10.9. Wanda ba lamba, ka mayar wa mai shi. Masu walda a Panteka gwanaye ne, amma shawarata a bar walda a jikin shasi: zafi yana raunana ƙarfen, ga tankin mai nan kusa.

Dunƙulen da ke bakin ƙarfen jan, wanda tirela ke hawa, iri-iri ne. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka akwai mai inci 2. A ido kamar ɗaya suke, amma ba ɗaya ba ne, sai bakin tirela ya dace da dunƙulen. Ka sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin mahaɗar. Fitilun birki da sigina kuwa, rewaya za ka kai wa. Bayan tafiyar farko, ko daga Kawo zuwa Mando ce, ka sake gwada notunan.

Littafin motarka ne zai faɗa maka iyakar nauyin da za ta ja. A Turai tirelar da ba ta da birki ba ta wuce kilo 750, ita da kayanta.

Aikin gida: bisa wannan iyaka ta kilo 750, idan tirelar kanta kilo 250 ce, buhun masara nawa mai kilo 100 za ta ɗauka? Rubuta amsar, ka kuma kwafo lambar da ke kan wani noti ka zo da ita aji.