In wutar kamiyo ta ɗauke, kar ka fara da yanke waya

Ina aikin wutar manyan motoci nan Tahoua, kuma abin da ya fi ɓata min rai shi ne a kawo min titan an riga an yayyanka wayoyi an naɗe da sikoc kamar ƙafar da ta karye, alhali matsalar tun farko fusibul (ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa) ɗaya ne ko masa, wato inda waya ke haɗe da ƙarfen mota, da ta yi tsatsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta ma ƴan uwa direbobi da yaran mota yadda nake bi, musamman masu tafiyar dare hanyar Abalak zuwa Agadez ko masu ɗauko albasa daga Galmi, inda in far, wato fitilar gaba, ta mutu ba ka ganin amalanke ko raƙumi sai ka zo daf da shi.

Da farko ka tuna kamiyo 24 bolt ce, batir biyu na 12 aka haɗa a jere. Kwan fitila da rele (ɗan akwatin da ke buɗe wa fitila wuta) duk sai na 24. Ka sa kwan ƙaramar mota, kana kunnawa zai yi haske ɗaya ya ƙone.

Kafin ka taɓa komai ka tsaya ka duba me ya mutu, wannan shi ke nuna maka hanya. In ido ɗaya ne, to kwan ne ko soket ɗinsa ko fusibul na gefen, don yawancin kamiyo hagu da dama kowa da nasa. In kod da far, wato hasken kusa da na nesa, duka suka ɗauke lokaci ɗaya, da wuya kwai biyu su mutu tare, sai ka nufi rele ko komodo (makunnin fitila na jikin sitiyari) ko babbar waya. In kuma duk wutar motar ce ta yi ja-ja kamar aci-balbal, je wajen batir ka duba kos, wato bakin wayar da ke ɗaure a kan batir, in ka ga farin gari ko kore-kore ka kwance ka wanke da ruwan zafi ka kankare ka ɗaure tam. Sannan ka sa mita: mota a kashe wajen bolt 25, in ta tashi ya kamata ka ga 27 da rabi zuwa 28 da ɗan wani abu. In bai hau ba duba bel ko ya saki kafin ka ɗora laifin ga alternato, mai cajin batir. In ya wuce 29 regilato, mai daidaita cajin, ne ya lalace, kuma shi ke cinye maka kwai kullum kana zagin mai shago cewa ya sayar maka da jabu.

Fusibul kuwa, don Allah maigida, wanda ka cire irinsa za ka mayar, ja amfe 10, shuɗi 15, rawaya 20. Kwan H4, wato na fitilar gaba, na kamiyo wat 75 da 70 ne, abin da yake ja bai fi amfe 3 da kaɗan ba, to in fusibul na 10 yana ƙonewa ba ƙarami ya yi ba, akwai waya da ta goge tana taɓa ƙarfe. Masu cusa wayar tagulla ko takardar kwalin taba a wurin fusibul su sani wayar motar ce za ta zama fusibul ɗin, ta narke cikin damin wayoyi a ƙarƙashin kabin, kuma na taɓa ganin wadda ta kama wuta haka da lodi a bayanta, mai motar yana tsaye yana kallo ba abin da zai iya. Yadda nake gano wurin: in cire fusibul ɗin in haɗa kwan gwaji a ƙafafunsa biyu, muddin wayar tana taɓa ƙarfe kwan zai kama da ƙarfi, sai yaro ya riƙa girgiza waya yana cire mahaɗan waya ɗaya bayan ɗaya, inda hasken ya ragu ko ya mutu nan ɓarnar take. Galibi wajen da waya ta ratsa shasi ne ko inda kabin ke kifawa.

Rele ba ya da wuya. Ɗora yatsa a kai wani ya kunna, za ka ji ƙas. Amma jin ƙas ba ya nufin lafiya lau, cikin yana iya ƙonewa, sai ka musanya da wani mai lamba ɗaya, kamar na oda, ka gani.

Yanzu masa, wadda ita ce na fi so a ji. Wuta tana tafiya ta waya ta dawo ta jikin ƙarfen mota, in hanyar dawowar ta toshe sai ta nemi wata ta bi ta cikin wani kwan. Shi ne za ka taka birki ka ga sigina ta kama, ko ka sa sigina wutar baya duka tana ƙiftawa a raunane, yaran mota su ce motar ta yi aljanu. Ba aljani ba ne, ƙurar hunturu ce da ruwan korama na damina suka taru a kan kusa ɗaya suka yi tsatsa. Ɗauki doguwar waya, baki ɗaya a kan moyin (-) na batir, ɗayan ka taɓa jikin soket ɗin fitilar, in haske ya dawo garau ka kama ɓarawo. Kwance kusar, goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ɗaure, sannan ka shafa giris a kai. Da mita kuma, fitila a kunne, tsakanin soket da moyin bai kamata ka ga fiye da rabin bolt ba.

In kan motar lafiya amma tirela ce babu wuta, fara da piriz, wato mahaɗin wutar tirela, mai ƙafa 7 da wayar nan mai murɗe da ke bayan kabin. Fara ita ce masa, ja birki, rawaya sigina hagu, kore sigina dama, baƙa da ruwan ƙasa wutar baya. Gwada a piriz ɗin kan motar tukuna, in wuta na nan to laifin daga waya ne zuwa baya. Ƙafafun sukan buɗe su yi sako-sako, a ɗan matse su a share.

Abu biyu da nake roƙo. Kar a jawo 12 daga batir ɗaya don rediyo ko cajin salula, ɗaya zai riƙa ramewa ɗaya yana cika fiye da kima, ƙarshe ka sayi biyu, gara ka sa ɗan konbatisa mai mayar da 24 zuwa 12. Sannan sababbin motoci irin Actros da DAF XF kwamfuta ce ke raba wutar fitila, kar ka soka kwan gwaji ko'ina ko ka huda waya da allura, mita za ka yi amfani da ita, kuma in ka sa kwan LED sigina ta fara gudu ko tabulo, allon gaban direba, ya nuna kuskure, don bai jan wuta sosai ne motar ta ɗauka kwan ya mutu.

In za ka sa sabon kwan far kar ka kama gilashin da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana, riƙe shi ta gindi ko da tsumma mai tsabta. Kuma ka ajiye H4 ɗaya da kwan sigina da birki na wat 21 guda biyu da fusibul kala-kala da doguwar wayar nan a cikin kabin kafin ka bar tasha.